Yadda Mai Kushin Ya Tashi Sake Yaye Ƙattin Layi

"Ku kawo mini kowane ƙato a layin nan, ya kwanta minti biyar a kan doguwar kujerar nan. In ban faɗa masa yadda aka yaye shi da abin da ya hana shi zama mutum ba, ku canza mini suna!"

Mai Kushin ne ke wannan cika baki da safiyar Laraba, yana tsaye a ƙofar shagonsa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da wani littafi marar bango. Maganar ba ta fita tas, domin bakinsa cike yake da ƙananan ƙusoshi. Haka masu gyaran kujeru suke aiki: su watsa ƙusoshi a baki, harshe na miƙowa ɗaya-ɗaya, guduma na ɗauka. Sai dai sauran masu sana'ar in sun gama aiki sukan tofar. Shi kuwa ko hira yake, ko tafiya yake, da 'yan ƙusoshinsa uku-huɗu a kunci, yana tsotsa kamar alewa.

Tela, maƙwabcinsa na dama, ya leƙo ta saman keken ɗinki. "Wane sunan za mu canza? Wanda kake da shi ma kujera ce ta ara maka."

"Daga yau Dakta za ku riƙa cewa."

Mai Walda, maƙwabcin hagu, ya ɗage murfin fuskarsa na ƙarfe, sigari a gefen baki. "Dakta? Jiya da yamma fa na bar ka kana cire kuɗin cizo daga katifa."

Ga yadda abin ya faro. Ranar Litinin wata tsohuwar shugabar makaranta, wadda kowa ke kira Malama, ta aiko da doguwar kujerarta a gyara. Ita ce shugabar kwamitin ɗakin taro na unguwa, kuma ta faɗa masa baki da baki: ranar Asabar za ta zo da 'yan kwamiti su ga aikinsa. In ya yi kyau, kujeru sittin na ɗakin taro nasa ne. Rabon Mai Kushin da babban aiki irin wannan tun kafin ya fara sanƙo. Matarsa har ta gama shelanta wa maƙwabta.

To da ya farke cikin kujerar, sai ya tarar da littafin nan maƙale tsakanin sifirin, murɗaɗɗun ƙarafan nan da ke ƙarƙashin soso. Ɓeraye sun cinye bangon, sun cinye sunan marubucin, sun kuma cinye rabin ƙarshe. Ya ce bari ya duba shafi ɗaya. Kwana biyu ke nan yana bin layi da yatsa, kujera na kwance ciki a buɗe, ba wanda ya ɗaure mata sifirin ko ɗaya.

"Ku matso ku sha ilimi," in ji shi. "Littafin nan ya ce kowane mutum gidan haya ne, ɗaki ɗaya, 'yan haya uku. Akwai Ɗan Kwaɗayi, shi ba ya jin bari, abin da yake so yanzu-yanzu yake so. Akwai Alƙali, shi kullum, 'Kai, abin kunya, me mutane za su ce?' Sai Dillali a tsakiya, yana rarrashin wannan yana ba wancan haƙuri."

"To a cikinsu wa ke share tsakar gida?" in ji Mai Walda.

"Ba a zo nan ba. Shi kuma yaro matakala yake hawa. Mataki na farko baki, komai ya samu sai baki. Na biyu zaman po. Na uku kishin uba. Duk wanda ƙafarsa ta maƙale a wani mataki, ko furfura ta cinye masa kai yana nan a wurin bai motsa ba."

"Na huɗu fa?" in ji Tela.

"Na huɗu ɓeraye sun riga ni."

"Maganin fa?"

Mai Kushin ya juya shafin ƙarshe. An rubuta, "Hanyar da ake bi a taimaki mai wannan matsala kuwa ita ce," daga nan sai sawun haƙora. Ya rufe littafin da sauri.

"Magani yana kaina. In an buga wa kujera yadi a karkace, yaya ake yi? A cire ƙusa a sake bugawa. Wanda aka yaye ba daidai ba, a mayar da shi a sake yaye shi. Shi ke nan."

"Kai fa, Dakta, a wane mataki ka maƙale?"

"Ni?" Ya juya ƙusa daga wannan kunci zuwa wancan. "Ni lafiya lau na haye, ko tuntuɓe ban yi ba. Ranar da lokaci ya yi, da kaina na miƙa wa mahaifiyata hannu muka yi sallama. Kuma ku riƙe wannan doka, ita ce uwar littafin: in aka faɗa wa mutum ciwonsa ya ce ba haka ba ne, to haka ne. Musu shi ne shaida."

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. A aljihun ciki na rigar Mai Kushin akwai wani ɗan tsumma, bai fi tafin hannu ba, shuɗi mai ɗigon fari, ya koɗe ya yi laushi kamar kunnen zomo. Yakan ce na goge gumi ne, amma gumi bai taɓa taɓa shi ba. In rana ta take, sai ya lallaɓa bayan tarin soso, ya ɗora tsumman a kumatu, yana murza gefensa da yatsu biyu har barci ya kwashe shi. Duk duniya mutum ɗaya ta san asalin tsumman: Yayarsa, wadda ta goya shi, mai sayar da tumatir da albasa a ƙarshen layin.

Mai Walda ne ya fara kwanciya, don matarsa ta ishe shi da mitar sigari. Dakta ya yafa wa kujerar tsohon labule, ƙaton ya miƙe a kai, kujera ta ce ƙiii. Shi kuwa Dakta ya zauna a kan gwangwanin fenti ta bayan kansa, domin littafi ya ce kada mai kwanciya ya ga fuskar mai tambaya.

"Faɗi duk abin da ya zo maka a rai."

"Wani ƙarfe na sukana a haƙarƙari."

"Madalla. Tun yaushe?"

"Tun da na kwanta."

"A'a. Tun kana goye. Me ka yi mafarki jiya?"

"Na ga ina cin burodi."

Dakta ya tafa hannu. "Baki! Sigari baki, burodi baki, zagin kwastoma baki. Bawan Allah, sauri aka yi aka cire ka daga nono."

"Wallahi shekara biyu cif na sha, tsohuwata na nan da rai, a tambaye ta."

"Kun ji ko?" Dakta ya waiga ga 'yan kallon da suka fara taruwa a ƙofa. "Musu!"

"Shi ne shaida!" suka amsa, don abin ya fara yi musu daɗi.

Aka aika kanti aka sayo bulumboti mai hoton agwagwa, aka cika shi da madara. Umarnin Dakta: duk lokacin da sha'awar sigari ta taso, a kafa kai. Kwana uku. Ranar Asabar kuma a yaye shi a gaban jama'a, yaye na ilimi.

Mai Walda ya ga ai murfin fuskarsa zai rufa masa asiri. Sai ya cusa bulumbotin ta ƙarƙashin murfin, hannu ɗaya na walda. Masu wucewa suka riƙa jin sabon sauti a layin: ƙarfe ya ce fuuu, murfi ya ce tsut-tsut-tsut. Abin haushi, har yamma bai kunna sigari ko ɗaya ba. Kafin a rufe shaguna labari ya kai bakin titi, har direbobi na tsayawa su ce, "Ina shagon Daktan?"

Matar Dakta ce kaɗai ba ta ruɗu ba. Da ya koma gida yana tafiya kamar an naɗa shi, ta tare shi a ƙofar ɗaki.

"Kujerar Malama fa?"

"Ana gyaran mutane kina maganar kujera."

"Mutanen ne za su ba ka kujeru sittin?"

"Wannan tambayar taki, Alƙalinki ne ya yi ƙiba. An matsa miki kina yarinya."

"Za a matsa maka kana babba," ta ce, ta dangwara masa kwano.

Ranar Alhamis aka waiwayi Tela. Shi Tela mutum ne siriri mai tsari. Alluransa a jere suke bisa tsawo, kamar 'yan makaranta. Tun da ya fara ɗinki bai taɓa yar da ƙyalle ba. Duk guntun da almakashi ya zubar sai ya ɗauka ya ƙulla shi a jikin na jiya, kada ɗaya ya ɓata, har ƙulle-ƙullen suka cika buhu goma sha ɗaya a bayan shagonsa.

"Kai ko kwanciya ba sai ka yi ba," in ji Dakta. "Mataki na biyu. An ɗora ka a po tun ba ka iya zama ba, aka tsaya a kanka ana zare ido. Ka ce tun da haka ne ba za ka bayar ba. Ga shi har yau ba ka bayar ba."

"Ka kiyaye ni. Ni ba mahaukaci ba ne irin na hagunka."

"Musu!"

"Shi ne shaida!" in ji layi gaba ɗaya.

Tela ya shige shago. Mai kawo ɗinki ya zo, ya ce, "Ashe po ne?" Mai sayar da ruwa ya wuce, ya ce, "Sannu, Tela, Allah ya sassauta." Ya yi rantsuwa, aka ce shaida. Ya yi shiru, aka ce ya amsa. Da azahar ya fito idonsa ja. "Me zan yi ku rabu da ni?"

Aka sayo po ja na roba. Dakta ya ce ya ajiye kujerar ɗinkinsa ya zauna a kansa. "Da wandonka, ba iskanci muke yi ba. Kana zaune kana ɗinki, ba mai zare maka ido, har ranka ya yarda ya saki abin da ya riƙe."

Po gajere, keke dogo. Tela ya zauna, ya ɓace. Ba abin da ake hangowa sai hula da yatsu. Can sai ga wata mata ta zo karɓar ɗinkinta, ta yi sallama, ta ga keke na gudu, hula na rawa, ba mutum. Ta kurma ihu ta zubar da jaka ta yi titi tana salati, yara suka bi ta, karnuka suka bi yaran. Tela ya yunƙura zai tashi ya yi bayani, po ya ƙi sakinsa. Haka ya fito ƙofar shago a duƙe, jan abu manne a bayansa, yana kiran, "Baiwar Allah, ni ne!"

Mutum biyu suka riƙe Tela, Mai Walda ya ja po, ya fita da ƙara kamar an buɗe kwalba. Tela ya kaɗe wandonsa. Ya shiga bayan shago ya dinga jawo buhuna, ɗaya bayan ɗaya, yana jibgewa a tsakiyar shagon Mai Kushin, har goma sha ɗaya.

"Ga su nan. Na saki. Ka ci."

"Kun gani?" in ji Dakta daga bayan buhunan, muryarsa na fitowa da ƙyar. "Ya warke!"

Ranar Juma'a da safe ya yi niyyar taɓa kujera, har ya jingine sabon soso mai kauri a bango, wanda ya sha wahala kafin ya samo. Sai ga Mai Walda ya shigo yana tsotsar agwagwarsa.

"Dakta, baki ya yi sauƙi. Amma jiya mun yi cacar baki da tsohona a kan ƙofar gida."

Dakta ya ajiye guduma. Ai abin nema ya samu. "Kwanta. Mataki na uku ke nan. Kana shekara huɗu, wa ka fi so, tsohuwa ko tsoho?"

"Tsohuwa mana, ita ke ba ni abinci."

"In tsoho ya yi tafiya, a ina kake kwana?"

"A bayanta."

"In ya dawo fa?"

"A tabarma."

"To ka ji. Tun ranar kake fatan ya tafi kada ya dawo. Ba kai ba ne, Ɗan Kwaɗayinka ne. Ƙofar gida ba ta yi muku komai ba."

Mai Walda mutum ne mai tsoron haƙƙin iyaye. Ya tashi bai ko rufe shago ba ya nufi gida. Ya tarar da tsohon na shan iska, ya durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Ashe shekara arba'in ke nan ina so ka ɓace ban sani ba."

Ba a yi rabin awa ba sai ga Mai Walda a guje, tsoho na biye da sanda, yana gudun da rabonsa da shi tun yana saurayi. Ɗan ya faɗa shagon Dakta ya ɓuya bayan soso. Tsoho ya tsaya a ƙofa yana haki.

"Ina likitan?"

"Ga ni, Baba. Sannu da zuwa. Wannan fushin naka ma, in ka lura, daga yaye ne."

"Daga yaye ne? Matso in yaye ka."

"Baba, littafi ne ya faɗa."

"Littafin ne ya yi masa aski? Littafin ne ya ɗauke shi a wuya ya kai shi asibiti da ƙyanda? Na ba ka yaro yana shan sigari kamar kowane ɗan iska, ka mayar mini da shi jariri mai gemu, yanzu kuma ka ce kashe ni zai yi!"

"Ka ga wannan musun da kake yi, Baba..."

Sanda ta sauka a kan gwangwanin fenti, don Dakta ya riga ya bar wurin. Suka zagaya kujera sau uku. A zagaye na huɗu Tela, da ke kallo daga ƙofa da murmushinsa na farko a makon, ya ce, "Ba ku jin ƙauri?"

Mai Walda ne. Tsoro ya sa madara ta kasa, ya lalubo tsohon guntun sigari a aljihu ya kunna a bayan soso. Soso kuwa da wuta sai a hankali. Kafin a ce kwabo baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Aka yi ta kwara ruwa, mai bokiti da bokiti, mai buta da buta, Mai Walda ya tsiyaye sauran madararsa. Wuta ta mutu, kujera ta tsira, amma sabon soso ya koma wani baƙin abu kamar ƙonannen kan akuya.

Jama'a suka watse. Mai Kushin ya tsaya a cikin ruwa, gobe Asabar, ga shi mai sayar da soso ya ce irin wannan kaurin sai mako mai zuwa. Hannunsa ya tafi aljihun ciki da kansa. Ya zaro tsumman ya manna a kumatu, ya lumshe ido.

"Auta!"

Yaya ce, ta ji labarin gobara ta taho. Ya yi wuf ya jefa tsumman cikin buhun da ke kusa.

"Auta, me nake ji? Ka bar sana'ar da ta rufa maka asiri kana bin mutane da bulumboti?"

"Yaya, a gaban mutane Dakta ake cewa."

"Daktan gidanku. Ni na wanke maka kashi. Ka gyara wa matar nan kujerarta."

Da ta tafi, ya dubi kujera, ya dubi buhuna goma sha ɗaya, sai dabara ta faɗo masa. Wa ya ce sai soso? Ya kama sifirin duka ya ɗaure su da igiya guda, ƙulli ɗaya. Ya dinga juye ƙyallayen Tela a cikin kujera yana dannawa da ƙafa, buhu bayan buhu, har ta yi tim. Ya ja sabon yadi mai ruwan ƙasa ya rufe. Wajen bugu ne aka samu matsala: tsoron da ya sha ya sa bakinsa ya ƙi sakin ƙusoshi. Inda ya kamata ya buga goma, sai ya buga uku, ya ci gaba da tsotsar bakwai.

Rana na faɗuwa ya ja da baya ya duba. Kujera ta yi kyau kamar amarya. Ya sa hannu a aljihu don ya yi wa kansa barka.

Wayam.

Ya zazzage buhunan, babu komai. Ya dubi kujera. Kujera ta dube shi.

Bai runtsa ba. Da sassafe ya iso shago, ido kamar gauta, da niyyar ya farke gefe ɗaya ya lalubo abinsa ya mayar. Ya ɗora abin cire ƙusa ke nan sai ya ji an ce, "Salamu alaikum." Malama irin mutanen nan ne da in sun ce ƙarfe tara, tun takwas da rabi suna ƙofa. Ga ta da tabarau a karan hanci, ga Sakataren kwamiti da littafin rubutu, ga wani dattijo mai tumbi wanda aikinsa a kwamiti shi ne gwada kujeru. A bayansu kuma layi ne ya cika maƙil, don kowa ya zo kallon yayen Mai Walda. Tela na gaba. Tsoho da sandarsa. Matar Dakta. Yaya da kwandon tumatir a ka.

Aka fito da kujera bakin shago. Malama ta zagaya ta, ta shafa, ta shinshina.

"Kamar ƙauri."

"Sabon yadi ne, ranki ya daɗe, haka yake yi."

Ta zauna a tsakiya. Sakatare ya zauna a dama. Mai tumbi ya saki jiki a hagu. Kujera ta ɗauke su ba ta ce komai ba.

"Da laushi," in ji mai tumbi. "Wane irin soso ne?"

"Sabuwar fasaha ce."

Malama ta gyaɗa kai. "An ce mini ka shiga shirme, amma aiki ya yi. Sakatare, rubuta. Kujeru sittin na ɗakin taro..."

A daidai nan idon Mai Kushin ya sauka a ƙasan kujera, kusa da ƙafar Malama, inda ƙusa uku ke aikin goma. Wani ɗan gefen ƙyalle ya leƙo. Shuɗi.

Ɗan Kwaɗayi ya ce, "Ja."

Alƙali ya ce, "Kai! Kujeru sittin! Matarka na kallo!"

Dillali ya ce, "To a ɗan ja kaɗan, yadda ba mai gani."

"Ranki ya daɗe, bari in gyara wani ɗan zare," in ji shi, ya durƙusa.

Ya ja. Shuɗi ne, amma ba ɗigon fari, guntun rigar wani ne. Kuma a ƙulle yake da wani ja. Jan na ƙulle da kore. Tela ai ba ya aikin banza.

"Na gaba ne," in ji Ɗan Kwaɗayi.

Ya ja. Rawaya. Ya ja. Mai zane. Ya koma ja da hannu biyu kamar mai ɗiban ruwa a rijiya, ƙyallaye na taruwa a gabansa. A sama kuwa Malama na ci gaba da shifta, ba ta lura ba tana yin ƙasa a hankali.

"...za a ba shi su kashi uku... Sakatare, me ya sa kake tsawo?"

"Ba ni ke tsawo ba, Malama, ke ce... a'a, ni ma ina tafiya."

"Wannan na bikin ƙanwata ne," in ji Tela, yana nuna ƙyallen da ke wucewa. "Wancan wandon Baba ne. Ja dai, Dakta, saura buhu tara."

"Kai!" matarsa ta daka tsawa. "Saki!"

Ina. Kunne ya toshe. Gwiwoyin mai tumbi sun kai haɓarsa. Sai ga shi, can a cikin wani dunƙule: shuɗi mai ɗigon fari, ya naɗe a jikin wata igiya. Mai Kushin ya damƙe ya fizga da ƙarfinsa duka.

Igiyar sifirin ce. Ƙulli ɗaya.

Ƙusoshi suka yi tsalle, tas-tas-tas. Yadi ya yage daga wannan hannu zuwa wancan. Sifirin ashirin da huɗu suka miƙe tsaye lokaci guda. Sakatare ya tashi sama da littafinsa ya sauka a kwandon Yaya. Mai tumbi ya nutse, ba a ganin komai sai takalma. Malama ta tsinci kanta zaune a ƙasa cikin firam ɗin kujera, tabarau a kunne ɗaya, wani sifirin na rawa a gefen kanta da ɗankwalinta a bisa.

Aka ɗago ta. Ta gyara tabarau, sai idonta ya faɗa kan littafin nan marar bango a kan benci.

"Wannan ai nawa ne. Na kwalejin horon malamai. Shekara talatin ina nemansa." Ta juya shi. "Da wannan kake duba mutane? Ka karanta wajen ƙarshe, inda aka ce mai son duba wani sai an fara kwantar da shi an duba shi?"

"Ɓeraye ne, ranki ya daɗe..."

"Ashe ɓerayen sun fi ka nisa a karatu."

"La ilaha!" Yaya ce, tana share tumatir daga kafaɗa, tana nuna ƙanenta da yatsa. "Zanin Inna! Auta, ashe har yau kana tare da shi?"

Sai a lokacin Mai Kushin ya gane inda hannunsa yake. Yana durƙushe a tsakiyar tulin ƙyallaye, tsumma manne a kumatu, yatsu biyu na murza gefensa.

"Wane zani, Yaya?" in ji Mai Walda.

"Yaron nan sau uku ana yaye shi yana komawa! Har ya shekara huɗu, da haƙoransa da komai, sai ya dawo daga wasa ya ce Inna ta zauna. Aka shafa maɗaci, ya lashe ya ce a ƙara. Bai saki ba sai da ta yage masa gefen zaninta. Daga nan ya koma tsotsar maɓalli, da murfin kwalba, da kunnen ɗan maƙwabta. Shi ya sa Baba ya kawo shi wannan sana'a, ya ce ita kaɗai ce ake barin mutum da abu a baki yini guda ba a ce masa komai ba."

"Ba shi ne ya miƙa hannu suka yi sallama ba?" in ji Tela.

"Hannu? Cizo dai."

Mai Kushin ya miƙe. Ya buɗe baki, ƙusoshi bakwai suka zubo a ƙasa.

"Ƙarya ne! Ba nawa ba ne! Na goge gumi ne! Ban ma taɓa ganinsa ba!"

Tela ya ɗaga hannu kamar mai ba da waƙa. "Jama'a, musu?"

"SHI NE SHAIDA!"

Har tsoho, har mai tumbi daga cikin firam, har matarsa.

Malama ta cire ɗankwalinta daga kan sifirin, ta sa littafinta a jaka. "Sakatare, in ka fito daga tumatir, soke abin da ka rubuta. Kai kuma, kujerata ranar Litinin. Da soso."

Mai Walda ya matso a hankali, ya zaro bulumboti mai hoton agwagwa daga aljihu, ya goge bakin da gefen riga, ya danƙa masa a hannu.

"Karɓi, Dakta. Da sauran ɗumi. Kwana uku, ranar Talata mu yaye ka."